GEORGE STOKES DA SIRRIN HASKEN ARO

A bana na ga ya kamata in kawo muku tarihin wani masani Bature wanda ba kasafai ake jin sunansa a bakin mutane ba, alhali kuwa amfanin aikinsa ya iso har asibitocinmu da ajujuwanmu, kai har ma da cinikin gyaɗarmu. Sunansa George Gabriel Stokes. Shi ne ya gano asalin wani irin haske da waɗansu abubuwa ke fitarwa idan aka haska su, shi ne kuma ya raɗa masa suna. Da wannan haske ne masana ilmin sinadarai ke auna abin da ya yi ƙanƙanta har babu sikelin da zai iya ɗaukarsa. Nufina shi ne mu san mutumin, sa'an nan mu fahimci yadda ƙarfin hasken nan ke nuna yawan abu a cikin ruwa, da kuma inda yake daina faɗin gaskiya.

An haifi Stokes ran 13 ga watan Agusta, shekara ta 1819, a wani ƙauye da ake kira Skreen, cikin lardin Sligo na ƙasar Ailan, kusa da bakin tekun Atlantika. Mahaifinsa limamin coci ne a ƙauyen, shi ne kuma auta a gidansu. Yayyensa maza uku duk sun bi sawun ubansu sun zama limaman coci, shi kaɗai ya bi hanyar lissafi. A shekarar 1832 aka kai shi makaranta a birnin Dablin. Bayan shekara biyu mahaifinsa ya rasu, ya bar shi yana yaro. Wannan rashi bai tsai da karatunsa ba. A 1835, yana da shekara 16, watau sa'an yawancinmu da ke manyan ajujuwa yanzu, ya ƙetare ruwa zuwa wata kwaleji a birnin Biristol na Ingila, ya yi shekara biyu a can nesa da gida.

A shekarar 1837 ya shiga Kwalejin Pembroke ta Jami'ar Kambirij. A zamanin nan jarrabawar lissafi ta Kambirij ita ce mafi wuya a Ingila duka, wanda kuwa ya zo na ɗaya a cikinta sunansa kan bazu ko'ina a ƙasar. A 1841 Stokes ya zo na ɗaya, nan da nan kwalejinsa ta riƙe shi ya zama ɗaya daga cikin malamanta. A 1849, yana da shekara 30 kacal, aka naɗa shi babban shehin malamin lissafi a kan kujerar da ake kira ta Lucas. Kujerar nan ce Isaac Newton ya hau a 1669, ita ce kuma Stephen Hawking ya riƙe daga 1979 zuwa 2009. Girman kujerar ya fi albashinta, don haka sai da Stokes ya riƙa zuwa Landan yana koyarwa a makarantar koyon aikin ma'adinai domin ya sami abin ƙarawa.

Aikinsa na farko a kan motsin ruwa da iska ne. A 1851 ya fitar da lissafin yadda ɗan ƙaramin abu mai siffar ƙwallo ke faɗuwa a cikin ruwa ko iska. Ya nuna cewa idan aka rage faɗin abin da rabi, to saurin faɗuwarsa zai ragu har sau huɗu. Wannan ne ya bayyana abin da ya sa ɗigon ruwan da ke cikin gajimare ke daɗewa a sama bai sauko ba. Da shi kuma za mu gane abin da ya sa tsakuwa ke nutsewa nan take a cikin randa, amma laka sai ta kwana kafin ta kwanta, da abin da ya sa ƙurar hunturu ke yin kwanaki a sararin sama. Ko da a nan ya tsaya, da ya isa a riƙa tunawa da shi. Amma shekarar da ta biyo baya ce ta kawo aikin da nake son in fi tsayawa a kansa.

Labarin ya faro ne daga kwinin, maganin zazzaɓin cizon sauro mai ɗacin nan da kakanninmu suka sani. Daga ɓawon wani itace na Kudancin Amurka ake samunsa, waɗansu masana biyu na Faransa, Pelletier da Caventou, su ne suka tace shi a 1820. Idan aka narkar da kwinin a ruwa aka ɗiga masa ɗan asid, irin wanda ke cikin batirin mota, ruwan kan zama garau ba launi. Amma a 1845 wani masanin taurari, John Herschel, ya lura cewa idan hasken rana ya bugi ruwan, sai wani kyakkyawan shuɗi ya bayyana a fatarsa, daidai inda hasken ya shiga. Ya ga wani abin mamaki kuma. Idan hasken ya ratsa kwalba ɗaya ta ruwan kwinin, sa'an nan aka tare shi da kwalba ta biyu, shuɗin ba ya fitowa a ta biyun, ko da yake a ido hasken bai ragu da kome ba. Herschel ya rubuta abin da ya gani, amma sirrin ya gagare shi.

Kafin mu ga yadda Stokes ya warware wannan, dole in ɗan yi bayani a kan haske. Farin hasken rana haɗin launuka ne. Idan aka sa shi ya ratsa wani gilashi mai kusurwa uku, wanda ake kira firizim, sai ya warwatsu ya zama launukan bakan gizo, daga ja a gefe guda, ya bi ta rawaya da kore da shuɗi, har zuwa shunayya a ɗaya gefen. Haske yana tafiya ne kamar igiyar ruwa, kowane launi da tsawon zangonsa, kamar dai yadda masu sauraron rediyo suka san akwai gajeren zango da matsakaicin zango. Ja shi ne mai dogon zango, shunayya mai gajere. Gaba da shunayya kuma akwai wani haske mai zango mafi gajarta wanda idon ɗan Adam ba ya gani, wanda wani Bajamushe, Johann Ritter, ya gano a 1801. Shi ne zan riƙa kira ɓoyayyen haske.

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Stokes ya tabbata a ransa cewa shuɗin nan yana da dalili. A shekarar 1852 ya duhunta ɗakinsa a Kambirij, ya bar 'yar kafa a jikin taga inda hasken rana zai shigo, ya tare hasken da firizim. Sa'an nan ya ɗauki kwalbar gwaji cike da ruwan kwinin, ya riƙa gusa ta a hankali cikin launukan ɗaya bayan ɗaya. A cikin ja ruwan yana nan garau, haka a rawaya, haka a kore. Sai da ya kai ƙarshen shunayya sa'an nan shuɗin ya fara bayyana, da ya zarce da kwalbar cikin duhu, inda ido ba ya ganin kome, sai ruwan ya kama da haske shuɗi. Ashe ɓoyayyen haske kwinin ke haɗiyewa, ya mai da shi hasken da ido ke gani.

Ya rubuta sakamakon bincikensa a wata doguwar takarda mai shafi kamar 100, ƙungiyar manyan masana kimiyya ta Ingila, wadda ake kira Royal Society, ta buga ta, ta kuma ba shi lambar girma ta Rumford a wannan shekara. A cikin takardar ne ya ƙirƙiro wa abin suna, fuloresans, daga sunan wani dutse mai irin wannan hali. Ni kuwa a nan zan kira shi hasken aro, domin abin ba shi da hasken kansa. Ara yake yi, da zarar mai haske ya janye nasa sai ya mutu, cikin lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba. Stokes ya gwada abubuwa masu yawa, ya kuma lura da wata ƙa'ida: hasken da abin ya mayar yakan fi wanda ya karɓa tsawon zango. Yau mun san cewa kwinin kan karɓi haske mai zangon nanomita 350, ya mayar da mai nanomita 450. Nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. Sai a 1905 Albert Einstein ya bayyana dalilin ƙa'idar: haske mai gajeren zango ya fi ƙarfi, abu kuwa ba ya iya mayar da fiye da abin da ya karɓa. Ragowar takan zama zafi. Dogon ƙwan lantarkin nan fari na ajujuwa da haka yake aiki: tururin zaiba da ke cikinsa na fitar da ɓoyayyen haske, farin garin da aka shafe cikinsa da shi na mai da shi hasken da muke karatu da shi.

Da wannan Stokes ya warware matsalar Herschel. Shuɗin na tsayawa a fatar ruwa ne domin kwinin ɗin da ke gaba-gaba ya haɗiye ɓoyayyen hasken duka, bai rage wa na baya kome ba. Kwalba ta biyu kuwa ba ta yi shuɗi ba domin ta farko ta riga ta tace abin da ke kawo shi. Ya kuma ga cewa idan aka ƙara wa haɗin ruwa ya tsinke, shuɗin kan kutsa har can ciki. To, ku riƙe wannan da kyau, gama a nan ne gindin maganar awo yake.

Cikin ikon Allah, a wannan shekara ta 1852 ne wani masani a birnin Bon na ƙasar Jamus, mai suna August Beer, ya buga nasa binciken a kan yadda ruwa mai launi ke shanye haske. Abin da ke cikin ƙa'idarsa shi ne, yawan hasken da ruwa ke shanyewa ya danganta da kaurin haɗin, watau yawan sinadarin da aka narkar a kowace lita, da kuma nisan da hasken ya yi a cikin ruwan. Kowane ɗan sashe na ruwan yana ɗibar kaso iri ɗaya daga abin da ya iso gare shi, ya miƙa saura ga na gaba. Masanan da suka zo daga baya ne suka haɗa aikin mutanen nan biyu. Suka ce, tun da hasken aro daga hasken da aka haɗiye yake fitowa, hasken da aka haɗiye kuma ya danganta da yawan sinadari, to ai ƙarfin hasken aro zai iya gaya mana yawan sinadarin.

Ga yadda ake yi. Akwai na'ura mai fitila da ke haska 'yar kwalba mai faɗin santimita ɗaya. A gefe, kusurwar digiri 90 daga hanyar fitilar, akwai wani idon lantarki da ke kallon kwalbar, domin kada hasken fitilar kansa ya faɗa masa, sai hasken aro kawai. Idon nan ke mai da ƙarfin hasken ya zama lamba. Mai awo zai fara haɗa ruwaye da ya san yawan abin da ke cikinsu. Bari in ba da misali da lambobi masu sauƙi. A ce ya haɗa kwinin miligiram 0.2, da 0.4, da 0.6, da 0.8 a kowace lita. Ya fara sa ruwan da babu kwinin a ciki ya daidaita na'ura a kan sifiri, sa'an nan ya auna sauran, suka ba shi 20, da 40, da 60, da 80. Idan ya zana waɗannan a takarda mai gidajen dara, yawan kwinin a kwance, ƙarfin haske a tsaye, zai sami miƙaƙƙen layi. Yanzu sai ya kawo ruwan da bai san abin da ke cikinsa ba. In na'ura ta nuna 50, ya duba layinsa, ya san akwai miligiram 0.5 a lita. A lissafi akan rubuta F = kc, watau ƙarfin haske daidai yake da yawan sinadari a ninka shi da wata lamba tsayayya. Ninka sinadari sau biyu, haske ya ninku sau biyu.

Amma fa wannan miƙaƙƙen layi yana da iyaka, ƙa'idar Beer ce kuma ke nuna mana iyakar. Mu ɗauka haske kashi 100 ne ya shiga kwalba. Idan haɗin tsinkakke ne ƙwarai, yana haɗiye kashi 2 kawai, aka ninka sinadarin, zai haɗiye kashi 3.96, kusan 4 ke nan, ba wata ɓaraka. Idan yana haɗiye kashi 10 aka ninka, zai haɗiye 19 maimakon 20. Idan yana haɗiye 50 aka ninka, 75 zai haɗiye, domin ƙarin da aka yi rabin abin da ya rage kaɗai zai samu. Idan kuwa yana haɗiye 90 aka ninka, sai ya tashi 99, watau an ninka sinadari amma ƙarin kashi 9 kacal aka samu. Haske ba ya wuce 100 ɗin da ya shigo, saboda haka dole layin ya fara lanƙwasa, daga nan ya kwanta. Don haka ne masu awo suke kiyaye kada haɗinsu ya haɗiye fiye da kashi 10 ko kusa da haka.

Abin bai tsaya nan ba. Idan aka ci gaba da ƙara sinadari, lambar da na'ura ke nunawa sai ta fara saukowa. Dalili na farko shi ne wanda Stokes ya gani da idonsa: na bakin kwalba sun shanye hasken duka, tsakiyar kwalbar kuwa, inda idon lantarki ke kallo, tana cikin duhu. Na biyu, a waɗansu sinadarai hasken aron da ɗaya ya fitar maƙwabcinsa ke haɗiye shi tun bai fito waje ba. Na uku, in cunkoso ya yi yawa, ƙwayoyin sinadarin kan riƙa karo da juna, ƙarfin da suka ɗauka ya zube ya zama zafi. Iyayenmu manoma sun san irin wannan. Ƙara iri a gona na ƙara amfani, amma in shuka ta yi cunkoso har tana yi wa juna inuwa, sai gero ya ragu. To, ga haɗarin. Lambar nan 50 ta misalinmu tana iya fitowa daga ruwa mai ɗan kwinin kaɗan, tana kuma iya fitowa daga ruwan da kwinin ya yi wa mugun yawa. Na'ura ba ta bambance su. In magani ake aunawa a jinin majinyaci, ko guba a abinci, wannan ruɗani na iya jawo asarar rai. Maganin abin kuwa mai sauƙi ne. Mai awo ya raba ruwan, ya ƙara masa ruwa daidai yawansa, ya sāke aunawa. In lamba ta koma 25, yana kan miƙaƙƙen layi, awonsa na gaskiya ne. In ta ƙi sauka yadda ya kamata, ko ma ta hau, to ya wuce iyaka, sai ya ci gaba da tsinka haɗin har ya dawo kan hanya.

Akwai waɗansu abubuwa kuma da ke ɓata awo. Stokes da kansa ya lura cewa gishirin nan na miya yana dushe shuɗin kwinin. Kwinin ɗin yana nan bai tafi ko'ina ba, haskensa ne ya ragu, wanda bai sani ba kuwa sai ya ɗauka maganin ne ya yi kaɗan. Zafin ruwan, da yawan asid ɗin da ke cikinsa, da ƙarfin fitilar, duk suna sauya lamba. Saboda haka ƙa'ida ce a haɗa ruwayen gwaji da wanda ake tuhuma cikin hali iri ɗaya, a kuma auna su a zama ɗaya. Wani zai ce, in haka wahalar take, me ya sa ba a bar wannan hanya ba? Dalili shi ne kaifinta. Mai auna hasken da ruwa ya shanye kamar mai neman gane an kashe kyandir ɗaya ne a cikin dubu. Mai auna hasken aro kuwa kamar mai hangen kyandir ɗaya ne a cikin duhun dare. Shi ya sa take kama abin da bai wuce kashi ɗaya cikin biliyan ba.

Stokes ya hango wannan amfani. A 1864 ya yi wa masana sinadarai lacca a Landan, ya nuna musu yadda za a yi aiki da halayen haske a gano sinadarai a kuma bambance su. Bayan shekara uku, a 1867, Friedrich Goppelsröder na ƙasar Suwizalan ya yi amfani da hasken aro ya gano alminiyam a cikin ruwa. Amma sai a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu aka ga ainihin ranar awon. A 1942 Japan ta kame tsibirin Java, inda mafi yawan kwinin duniya ke fitowa, zazzaɓi kuwa yana kwantar da sojojin Amurka da ƙawayenta fiye da harsashi a waɗansu fagagen yaƙi. Akwai wani magani mai suna atabirin, amma ba a san daidai gwargwadon da za a ba mutum ba. A wani asibiti a birnin Niyu Yok, Bernard Brodie da Sidney Udenfriend suka fito da hanyar auna atabirin a jini ta hasken aro, suka buga ta a 1943. Awon ya nuna cewa naman jiki ne ke fara shanye maganin, sai jini ya daɗe bai sami abin da ya isa ba. Daga nan aka gyara tsari, a ba da mai yawa a rana ta farko, sa'an nan a bi da kaɗan-kaɗan kullum, sai maganin ya yi aiki.

Ga kuma wanda ya shafe mu kai tsaye. A 1960 talo-talo fiye da 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa daga ƙasar Burazil. Bincike ya nuna cewa wata fumfuna ce da ke kama gyaɗa da masara idan ba su bushe sosai ba, tana fitar da guba mai suna afulatoksin, wadda ke lalata hanta, har tana kawo ciwon dajin hanta. Gubar nan tana da hasken aro. A ƙarƙashin ɓoyayyen haske wata na yin shuɗi, wata na yin kore, daga nan ne ma aka raba su aka sa musu haruffan B da G. Ƙasashen Tarayyar Turai ba su yarda gyaɗar ci ta ɗauki fiye da maikurogiram 4 na gubar a kilo guda ba, watau kashi 4 cikin biliyan. Ba idon da zai ga wannan, ba sikelin da zai ɗauke shi, amma hasken aro na cikin manyan hanyoyin da ake auna shi. Ashe ke nan makomar buhun gyaɗar manomin Kano ko na Maraɗi a kasuwar duniya na iya rataya a kan abin da Stokes ya gani a ɗakinsa mai duhu.

Mu koma ga mutumin kansa. A 1854 aka zaɓe shi magatakardan Royal Society, ya riƙe aikin shekara 31. Yakan karanta takardun da masana ke aikowa, ya gyara musu kurakurai, ya rubuta musu dogayen wasiƙu na shawara, har abokansa suka riƙa kukan cewa hidimar mutane ta cinye lokacin da zai yi nasa binciken. Duk da haka a 1864 ya nuna cewa jan sinadarin da ke cikin jini na sauya launi idan ya ɗauki iskar numfashi, ya kuma sāke sauyawa idan ya sauke ta. A 1857 ya auri Mary Robinson, 'yar wani masanin taurari na garin Armagh a Ailan. Sun haifi 'ya'ya biyar, biyu suka rasu tun suna jarirai. Da gadar jirgin ƙasa ta kogin Tay a Sukotlan ta rushe cikin guguwa a watan Disamba na 1879, jirgi ya faɗa ruwa da mutanen cikinsa duka, yana cikin waɗanda aka nemi shawararsu a kan ƙarfin iska. Ya shugabanci Royal Society daga 1885 zuwa 1890, ya kuma wakilci jami'arsa a majalisar dokokin Ingila daga 1887 zuwa 1892, ko da yake ba a cika jin bakinsa a can ba, don shi mutum ne mai shiru-shiru ainun, mai riƙo da addininsa.

Akwai wani labari da ke nuna halinsa. A 1859 Gustav Kirchhoff na Jamus ya bayyana yadda za a san ma'adinan da ke cikin rana ta hanyar duba baƙaƙen layukan da ke cikin launukan haskenta. Babban abokin Stokes, William Thomson, wanda aka fi sani da Lord Kelvin, ya tashi ya dage cewa ai Stokes ya riga ya koya masa wannan shekaru da dama kafin nan. Ga girma an kawo masa har gida, ga kuma mashaidi wanda duniya ke jin maganarsa. Amma Stokes ya ƙi karɓa. Ya rubuta a fili cewa lalle ya yi tunani a kan al'amarin, amma akwai wani muhimmin mataki da bai kai gare shi ba, saboda haka yabon na Kirchhoff ne, abokansa kuwa son da suke yi masa ne ya sa suka zarce. Wannan hali ya yi daidai da darasin awon da muka gani. Mutumin ya san iyakar abin da ya sani, bai kuma yarda a ƙara masa ko ɗigo a kai ba.

A 1899 Jami'ar Kambirij ta yi bikin cikarsa shekara 50 a kan kujerarsa, masana suka zo daga ƙasashe da yawa. A ƙarshen wannan shekara matarsa ta rasu. A 1902 aka naɗa shi shugaban Kwalejin Pembroke, inda ya shiga yana saurayi ɗan shekara 18. Bai daɗe ba a kan wannan muƙami, ya rasu ran 1 ga watan Fabrairu, 1903, yana da shekara 83, aka binne shi a Kambirij.

Ya ku 'yan'uwana, a cikinmu akwai waɗanda nan gaba za su zama likitoci, da masu haɗa magunguna, da malaman gona, da masu duba lafiyar ruwan sha. Wata rana na'ura za ta nuna wa ɗayanmu lamba, ran wani bawan Allah ko guminsa na shekara guda kuma ya rataya a kanta. Ina fata a ran nan zai tuna ya tambayi kansa ko yana kan miƙaƙƙen layi, ya tsinka ruwan ya sāke aunawa kafin ya sa hannu a takarda. Allah Ya ba mu ilmi mai amfani, Ya kuma sa mu zama masu gaskiya a cikin awo, amin.